Turmin Da Ya Je Koriya

A unguwar Mahjar ta Jidda duk wanda ya zauna shan shayi da Yaya Muntaka sau biyu, to ya ji labarin gangarsa sau biyu. Ba ya jira a tambaye shi. Ko hirar ciwon gwiwa ake yi, zai bi da maganar lungu-lungu har ya kai ta Koriya, ya ce gangar da ya haɗa da hannunsa ita ta tsaya wa ƙungiyar ƙwallon Ittihad ran da suka ci biyar da nema suka ɗauko kofin zakarun Asiya. In ya kai ƙarshe sai ya waiwayo ya ce, "Ga Nuraddeen nan, shi ya kai ta. Ko ba haka aka yi ba, Nuraddeen?" Ni kuma in ce haka aka yi. Shekara ashirin da 'yan watanni ina cewa haka aka yi, alhali gangar nan a hannuna ta fashe tun kafin a take ƙwallo.

Ni a Jidda aka haife ni. Iyayena Hausawan Sudan ne da suka tsallako teku suka zauna, saboda haka ina da iƙama, wato takardar zama, ina da kafili mai tsaya mini, ina tuƙa motar ɗaukar kaya a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa. Yaya Muntaka ya ba ni shekara goma sha biyu. Daga Gumel ya zo aikin Hajji shi da matarsa Zubaidatu, aka gama aiki, jirgi ya koma babu su. Tun daga ranar ba shi da takarda ko ta ƙunsa ƙosai. Dako yake yi a bakin situna, kuma a nan muka san juna, yana sauke buhunan shinkafa daga motata yana gyara mini Hausa, wai bakina ya cika Larabci kamar an jiƙa shi a ciki.

Gangar tasa ba ganga ba ce tun asali. Turmi ne, ƙarami, na itacen kirya, wanda Zubaidatu ta sa aka kawo mata daga gida don ta ce turmin ƙarfen nan na Makka ba ya fitar da ƙanshin yaji. Da shi take daka citta da kanumfari tana dama kunu tana sayar wa 'yan dako. Tana da wani salon daka, uku a jere sannan ta ɗan dakata ta saki ɗaya mai nauyi, har maƙwabta kan gane Zubaidatu ta tashi ba tare da sun leƙo ba. Allah ya yi mata rasuwa 'yarsu Sajida tana shekara huɗu. Bayan an share makoki matan gidan suka riƙa aron turmin, kamar yadda aka saba, shi kuwa Yaya Muntaka in ya ji ƙararsa ta bayan bango a hannun wata sai ya saka takalmi ya bar gidan. Hana aro ba halinsa ba ne, bayarwa kuma ya kasa. Da layya ta zagayo sai ya nemi fatar akuya ya jeme, ya shimfiɗa ta a bakin turmin, ya ɗaure da igiya irin ɗaurin da ya koya wurin ubansa, wanda makaɗin manoma ne. Daga ranar babu wadda ta sake zuwa aro.

Ni na kai shi rabiɗa, wato ƙungiyar magoya bayan Ittihad masu kiɗa da waƙa a filin wasa. A lokacin shiga kallon ƙwallo ba ya bukatar takarda, tikiti kawai za ka yanka a taga ka wuce. Shugabanmu Hamad, wani Bahijaje ɗan ƙasa mai murya kamar ya haɗiyi lasifika, da ya ga turmi da fata sai da ya yi dariya har ya riƙe ciki. Yaya Muntaka ya sa sanda ya buga uku a jere, ya dakata, ya saki ɗaya. Muryar gangar ta bi ta ƙarƙashin sauran gangunan ta ɗaga su. Hamad ya daina dariya ya matsar da wani ya ba shi wuri a tsakiyar sahu.

Wanda bai zauna Jidda ba ba zai gane abin da danshin teku ke yi wa fata ba. Ganga in ta kwana biyu sai ta saki, ka buga ka ji kamar kana dukan katifa. Shi ya sa kafin kowane wasa muke taruwa a bayan katangar fili mu kunna wa kwalaye wuta, kowa ya kara gangarsa kusa da harshen wutar yana juya ta yana ƙwanƙwasawa da yatsa har muryarta ta tashi. Wannan aikin muke kira gashi. Ba mu taɓa shiga fili ba mu yi gashi ba, kuma ban taɓa tambayar kaina ko akwai ƙasar da ba a yin sa ba.

Kakar dubu biyu da huɗu Ittihad ta yi ta ture ƙungiyoyi har ta kai wasan ƙarshe da Seongnam ta Koriya, gida da waje. Wasan farko a nan Jidda aka yi, a tsohon filin da ke kudancin gari, kuma a gaban idonmu suka zura mana uku muka rama ɗaya. Mun fito kamar masu dawowa daga jana'iza. 'Yan Ahli, maƙwabtanmu masu koren tuta, suka yi kwana uku suna gaishe mu da jiki. Babu wanda ya sa rai, don kafin mu ɗauki kofi sai mun je can cikin sanyinsu mun ci uku babu ko ɗaya.

Ana cikin haka Hamad ya tara mu ya ce an samu kujeru kaɗan a jirgi, za a tafi da wasu 'yan rabiɗa. Ya zaro takarda ya fara karanta sunaye, kuma sunan Muntaka ne na biyu. Sai da ya karanta sannan ya tuna mutumin ba shi da takarda. Hamad ya sosa ƙeya ya ce a kawo fasfo da iƙama gobe da safe, bai ɗago ya dubi kowa ba.

Yaya Muntaka ya yi dariya ya ce ai shi dama jirgi sa shi amai yake yi. Da muka fito ya ja ni gefe ya ɗora mini gangar a hannu, naɗe cikin wani tsohon zanen atamfa.

"Kai kana da takarda, ita kuma ba a tambayar ta takarda," in ji shi. "Ka kai ta."

"Yaya, hannuna bai kai naka ba."

"Uku a jere, ka dakata, ka saki ɗaya. Ko jaki aka koya wa zai iya. Abu ɗaya nake roƙonka, kada ka kuskura ka buga ta ba ka nuna mata wuta ba. Ka gasa ta sosai. Kar ta je ƙasar mutane ta ba ni kunya."

Na ce halas, an gama.

Sanyin Koriya ban taɓa jin irinsa ba, kuma ba na fatan in sake. Ba sanyi ne mai laima ba, busasshe ne, mai tsaga leɓe. Kafin mu kwana ɗaya bayan hannuna ya yi fari fat ya daddare. Da ina da hankali da na dubi hannun nan na tuna cewa ganga ma fata ce. Ban tuna ba. Da yamma kafin wasa muka laɓe a bayan motar da ta kawo mu, muka yayyaga kwalin ruwan sha muka kunna. Sauran gangunan da aka zo da su masu fatar roba ne, don an ce su suka fi sauƙin ɗauka, saboda haka ni kaɗai ke da abin gasawa, sauran hannu suke ɗumamawa. Na kwance zanen na ƙwanƙwasa ta da yatsa, na ji muryarta ta riga ta tashi, har ta fi yadda na saba ji. Zuciyata ta ce bar ta haka. Amma mai ita ya ce a gasa sosai, ni kuma wane ne da zan san gangar Muntaka fiye da Muntaka?

Na kara ta a wuta. Na juya sau ɗaya, na juya sau biyu. A na uku na ji tas, kamar an mari yaro. Fatar ta tsage daga wannan baki zuwa wancan, ta naɗe gefe biyu, ga cikin turmin nan a buɗe, har da sauran jan barkono da ya rine ƙasansa tun zamanin Zubaidatu.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsugune ba. Hamad ne ya dafa ni ya ce da Larabci in bar ta a mota, yalla, za a fara. Na ce ba zan bar ta ba. An ce in kai ta fili, sai na kai ta fili. Na rungume ta na shiga, na zauna cikin 'yan tsirarun mutanenmu a wani lungu, dubban 'yan Koriya sun kewaye mu suna ta murna tun kafin a fara, don a ganinsu kofi ya riga ya shiga aljihu.

Aka take wasa, 'yan'uwana suna kiɗa, ni ina zaune da fasasshiyar ganga a cinya da sanda a hannu kamar maye. Baƙin ciki ya ishe ni, hannuna kuma yana neman daskarewa. Sai na kifa turmin na fara dukan gefensa, itace a kan itace, ba don a ji ba, don dai kar in fashe da kuka a gaban Larabawa. Uku a jere, in dakata, in saki ɗaya. Muka ci ta farko ina duka. Muka ci ta biyu dab da hutun rabin lokaci ina duka. Bayan an dawo muka ci ta uku, filin nan gaba ɗaya ya mutu, har kana jin 'yan wasa suna kiran juna. Ban daina ba. Sanda ta karye na juya guntun na ci gaba, fatar yatsuna ta fashe ban sani ba sai da na ga jini a zanen. Aka tashi biyar da nema. Mutane suna rungumar juna suna kuka, ni ma ina kuka, kowa ya ɗauka kukanmu iri ɗaya ne.

A jirgi na roƙi Hamad da sauran su rufa mini asiri, suka rufa. Da muka sauka na wuce da gangar zuwa Balad, tsohon gari, wurin wani Bayamane mai gyaran ganguna, na ce wa Yaya Muntaka jakata ta ɓata a hanya sai an nemo. Kwana huɗu Bayamanen ya yi ya sa sabuwar fata, har na sa ya shafa mata ganyen shayi don ta yi duhu kamar tsohuwa. Ran da na kai masa, Yaya Muntaka ya karɓa ya juya ta a hannu, ya bi igiyar da yatsa, ya shafa gefen da na faffasa da duka. Sai kawai ya ce, "Ta sha hanya." Da yamma a teburin mai shayi na ji ya fara ba da labari, ya ce da kunnensa ya ji ta a talabijin. Ranar ce ya fara cewa ko ba haka aka yi ba, Nuraddeen.

Sau nawa na yi niyyar faɗa masa? Ban iya ƙirgawa ba. Amma mutumin nan ba shi da gida, ba shi da takarda, matarsa tana kwance a maƙabartar da ko alamar kabarinta ba a bari ba, in ya hango motar 'yan sanda sai ya shige kanti ya yi kamar yana duba sabulu. Abu ɗaya yake da shi da yake ɗaga kai in ya faɗa. Ni zan ƙwace? Haka nake gaya wa kaina. Gaskiyar magana kuwa har da tsoro, don ina son mutumin nan, kuma ban san da wane ido zai dube ni ba in ya ji na fasa abin da ya rage masa na matarsa, na kuma rufe da fatar Bayamane da ganyen shayi.

Shekaru suka tafi. Hamad ya rasu. Tikiti ya koma cikin waya, sai da lambar takarda, Yaya Muntaka ya daina shiga fili. Gwiwoyinsa suka ƙi dako. Sajida ta girma ta auri Thamer, yaron kirki ne, aibinsa ɗaya ɗan Ahli ne, suka tare a wani bene a unguwar Safa. Bara, bayan ƙaramar salla, Yaya Muntaka ya ce ya gaji da ɓuya, zai je ya miƙa kansa a mayar da shi gida. Kowa ya san ma'anar wannan. In aka ɗauki hoton yatsunka aka sa ka a jirgi, kai da Jidda sai a labari.

Ya kwashe 'yan komatsansa daga Mahjar ya koma wurin Sajida don ya yi kwanakin ƙarshe. Ranar Asabar da zai tafi washegari, Sajida ta kira ni a waya. Ammi take ce mini, wato baffa da Larabci.

"Ammi Nuraddeen, ka zo bayan la'asar, Allah ya bar ka. Ina so in yi tasjil ɗin Abuya, in ɗauke shi a waya yana ba da ƙissar ganga. Don yarana. Ya ce ba zai yi ba illa kana nan."

Na ce ina zuwa. Na ajiye waya na ji kamar an ɗora mini buhun siminti. Faɗa a teburin shayi daban, iska ke kwashewa. Wannan kuwa ajiyewa za a yi, jikokin Zubaidatu su girma suna kallon fuskata ina yi musu ƙarya. In kuma na yi shiru yau, to har abada ke nan.

Ranar, don ƙarin haushi, ita ce ranar da Ahli za ta buga nata wasan ƙarshe na kofin Asiya a nan Jidda. Tun daga Mahjar har Safa gari ya koma kore, yara sun leƙo ta tagogin motoci suna kaɗa tuta, ana ta matsa oda kamar yau aka ƙirƙiro ƙwallo. A bakin bene na ci karo da Thamer zai tafi fili, ya naɗe wuya da koren ƙyalle a wannan zafin. Ya ce, "Ammi, a yi mana addu'a." Na ce Allah ya ba mai rabo, mu dai mun riga mun san nauyin kofin tun shi yana ɗan firamare.

Na tarar da Yaya Muntaka a falo cikin farar jallabiya, gangar tana gabansa a kan darduma. Ya rame, wuyan rigar ya yi masa yawa. Sajida ta kawo shayi, ta jingina wayarta da kwalin tishu, ta ce, "Yalla Abuya, bismilla."

Ya fara. Ya faɗi uku da ɗaya na Jidda, ya faɗi takardar Hamad, ya faɗi yadda ranar wasa na biyu ya ajiye dako da azahar ya tafi wata gahawa, shagon shayi mai talabijin, kusa da tasha, don lokacin da dare ya yi a Koriya nan rana ce tsaka. Ya faɗi ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya kamar shi ya ci su. Sannan ya waiwayo.

"Ga Nuraddeen nan, shi ya kai ta. Ko ba haka aka yi ba, Nuraddeen?"

Na dubi wayar, na dubi Sajida. Fuskar uwarta ce sak.

"Ba haka aka yi ba, Yaya."

Sajida ta kai hannu za ta kashe wayar, ya ɗaga mata yatsa ta bari. Na faɗi komai, idona a kan darduma. Kwalin ruwa, juyi uku, ƙarar fashewa, Bayamanen Balad, ganyen shayi, jakar da ba ta ɓata ba. Na ce gangarka ba ta yi magana a Koriya ba ko sau ɗaya, Yaya, ni na kashe ta, kuma na bar ka shekara ashirin kana faɗa wa mutane abin da bai faru ba. Ka yafe mini ko kar ka yafe, amma ba zan bari ka hau jirgi da ita ba.

Daga waje ana jin odar motoci. Sai ya jawo gangar ya nuna wa Sajida igiyar.

"Kin ga wannan ƙulli? Na Yamanawa ne, hagu suke bi. Ubana dama yake bi. Tun daga bakin ƙofa na gane, kafin ya miƙo mini."

Na ɗago kai. "Ka sani?"

"Na riga ka sani. Kun tashi da kwana ɗaya ina hutawa a inuwar kwantena, na ji wani yana cewa a rediyo sanyin can har ruwa yake daskarwa, iska kuma a bushe. Na miƙe zumbur. A garinmu in sanyi ya shigo ba wuta ake nuna wa ganga ba, ruwa ake ba ta. Ubana da baki yake fesa mata. Na san wannan tun ina ɗan shekara bakwai, zaman Jidda ya mantar da ni. Na ruga shagon waya, mai shagon ya ce wace lamba, na tsaya ina kallon sa. Wa zan kira? Koriya?" Ya girgiza kai. "Ni na ce ka gasa ta sosai. Hannunka ne ya riƙe, amma bakina ne ya fasa ta."

Wallahi a lokacin ban san ko in rungume shi ko in shaƙe shi ba. Raina ya ɓaci, kuma na bari ya gani.

"Shekara ashirin, Yaya. Shekara ashirin ina cin abinci ba ya wuce mini nan, kana kallo. Kullum ko ba haka aka yi ba, ko ba haka aka yi ba."

"Ƙofa nake buɗe maka."

"Ƙofa? A gaban mutum goma da mai shayi?"

Ya yi 'yar dariya, sannan dariyar ta tsaya. "Ni ma kunya nake ji, Nuraddeen. Ɗan makaɗi ya manta abin da ubansa ya koya masa. Kullum ina cewa in ka fara, ni ma sai in faɗi nawa. Kai kana jira na, ni ina jiran ka, har muka tsufa."

Sajida ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Tayyib Abuya, amma lesh, don me kake cewa ka ji ta a talabijin? Ya'ani wannan ma ba sahih ba ne?"

"Wannan kam gaskiya ne." Ya kifa gangar, ya sa babban yatsa a gefen da sandata ta cinye, wurin ya yi rami-rami. "Na zauna a gahawar nan na san babu ganga, ina ta kasa kunne ko Allah zai sa na yi kuskure. Ban ji fata ba. Da aka ci ta uku filin ya yi shiru, sai na ji wani abu can ƙasa-ƙasa, bayan muryar mai sharhi. Ba fata ba, itace. Uku a jere, a dakata, a saki ɗaya." Ya buga da ƙashin yatsa a jikin kiryar, ƙwas ƙwas ƙwas, ƙwas. "Shekara shida rabona da jin wannan. Tun da na rufe bakinsa fata nake ji, ban sake jin turmin ba. Mutane suna ta tsalle suna kifar da kujeru, ni ina zaune ina jin uwarki tana daka a Koriya."

Ni dai na rufe fuska da hula na yi kukan da na fara tun a bayan motar nan ban ƙarasa ba.

Da muka natsu ya ce Sajida ta kawo wuƙa. Ya bi igiyar Bayamanen ya yanke ta ƙulli-ƙulli, ya ɗaga fatar ya miƙo mini, ya ce tawa ce, ni na sa aka ɗaura, in je in yi abin da na ga dama da ita. Ya leƙa cikin turmin ya shinshina, ya tura shi gaban 'yarsa.

"Na uwarki ne. Na hana ki shi don ba na iya ji. Yanzu zan tafi inda ba zan ji ba, sai ki yi ta daka."

Washegari da hantsi na kai shi a motata har bakin ofishin da ake miƙa kai. Ahli sun ci kofinsu, titi duk tarkacen koren ƙyalle, ya dube su ta taga ya ce biyu kacal suka ci, kuma a gida. Ya sauka da jaka ɗaya. Bai waiwayo ba, ni ma ban so ya waiwayo ba.

Bayan wata biyu ya kira daga Gumel ya ce in kai wa Sajida saƙon citta da wani alhaji ya taho da shi. Na je Safa da la'asar, lif ya lalace, na kama matakala. Ina hawa na biyu na fara jin sa ta cikin bango. Itacen dai shi ne, amma hannun bai iya ba, tana buga biyu ta tsaya, ta buga huɗu a guje, kamar mai koyon tafiya. Na zauna a kan matakala da ƙullin citta a cinya har numfashina ya dawo. Sannan na hau na ƙwanƙwasa mata ƙofa, uku a jere, na dakata, na saki ɗaya. Dakan ya tsaya. Can sai na ji ta maimaita shi daga ciki, a hankali, kafin ta zo ta buɗe.